Ido Biyu, Kuɗin Ɗaya

Buhu tara na shinkafa na sayar a Argungu,
na ƙulle kuɗin a aljihun ciki,
na hau mota zuwa Birnin Kebbi
wurin Cukudi mai kayan hoto.
Idanun kyamara biyu ya shimfiɗa kan ƙyalle,
duka na hannu ne, ba tabo, ba hazo.

Na farko gajere, mai kauri kamar ƙoƙon fura,
ba ya miƙewa, ba ya takurewa,
inda ka tsaya nan ya tsaya.
Sai dai bakinsa da faɗi, yana shan haske
yadda fadama ke shan ruwan fari.
Na ɗaura shi, na auna Cukudi,
gumin hancinsa ya fito ɗigo-ɗigo,
kantin bayansa ya narke kamar man shanu.

Na biyu dogo, nauyin taɓarya.
Ka murɗa wuyansa, ya ɗauko mai lemo
daga ƙetaren titi ya dire maka.
Bai kai ƙaninsa shan haske ba,
amma shaho ne, kafin ka ce cas ya cafke.

Kuɗina na guda ne.

Na tuna Baba Nomau.
Shekara sittin yana jefa homa a gulbi,
rana ta jeme shi, tsagen Kabawa
ya nutse cikin tamoji har ba ka rabewa.
Hotonsa ɗaya ne a duniya, na katin zaɓe,
ya zare ido kamar wanda aka kama da akuya.

Na tuna Hajo, ɗiyata,
ranar Asabar za ta buga ƙwallon tebur
a zauren da rabin fitilunsa sun mutu,
inda alƙalin wasa ba ya barin kowa ƙetare igiya.
Bara na ɗauke ta sau tamanin,
hannunta hayaƙi, fuskarta inuwa,
ta duba, ta miƙo mini, ba ta ce komai ba.

To, ga mai zama wuri ɗaya da kwanansa ke gudu,
ga mai gudu da kwananta ke gaba.
Cukudi yana kaɗa makulli, la'asar tana wucewa.

Na ɗauki dogon. Kada a tambaye ni hujja.
Har Argungu ina rungume da shi a cinya,
ina jin kamar na ci amanar tsoho.

Asabar ta zo. Kafaɗata ta yi tsami,
janareto ya yi tari sau biyu,
Hajo ta sha kashi a zagaye na uku.
Amma akwai guda: ta ciji leɓe,
ɗankwali ya zame, ƙwallo ta tsaya cak
tazarar yatsa uku daga katakonta,
fara fat, kamar ƙwan zabo a iska.

Baba kuwa na ce ya zauna in ɗauke shi,
ya ce, "Mi za ka yi da huskar tsoho?
Kawar da bindigag ga daga gabana."

Sai bayan kwana huɗu, da hantsi,
ina bakin zaure ina goge gilashi,
na hango shi can ƙarshen gida, gindin ɗorawa,
zare a baki, yana ɗinkin homa,
yana yi wa wani da ba ya nan dariya.
Da gajeren ne, sai na matsa, da ya ji takuna,
da ya gyara hula, ya zare ido.

Na murɗa a hankali. Na riƙe numfashi.

Har yau bai san na ɗauka ba.
Gajeren yana nan a kantin Cukudi,
in shinkafar rani ta yi kyau, mu gani.